Tsuntsayen Teku a Ƙaramin Tsibiri: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙidaya da Kallo

Daga Afrilu zuwa Agusta, wasu ƙananan tsibirai na arewacin Tekun Atlantika, waɗanda a lokacin sanyi ba kowa a kansu sai iska da zomaye, sukan cika maƙil da tsuntsayen teku. Mutane iri biyu ke bin su can: masu ƙidaya, waɗanda ke tarewa a tsibirin wata da watanni, da 'yan kallo, waɗanda jirgin ruwa ke saukewa da hantsi ya kwashe su kafin la'asar. Yawancin misalan da ke ƙasa daga tsibiran Birtaniya suke, domin tana cikin wuraren da aka fi daɗewa ana wannan aiki ba yankewa.

Tsuntsun da rayuwarsa duk a teku take, me ya kawo shi tsibiri?

Ƙwai ne ya kawo shi. Ci da sha da barci duk yana iya yin su a kan ruwa, amma ba a kwanci a kan igiyar teku. Dole ya nemi ƙasa, kuma ba kowace ƙasa ba, sai wadda dila da kyanwa da ɓera ba sa kaiwa gare ta. Galibin waɗannan tsuntsaye ƙafafunsu na can baya-baya a jiki, sun dace da iyo, ba su dace da gudu ba. A tudu abin tausayi ne su. Shi ya sa tsibiri irin Skomer, da ke gaɓar Pembrokeshire a yankin Wels, wanda faɗinsa bai cika murabba'in kilomita 3 ba, yake ɗauke da shiyawota, wani tsuntsun teku mai ƙwai a rami, kusan ma'aurata 350,000. Babu inda irinsa ya taru haka a duk duniya.

Wane wata ya fi dacewa a je?

Ya danganta da abin da ka je nema. A Afrilu tsuntsaye na dawowa suna gyaran ramuka, amma ba su zauna ba tukuna: yau tsibiri cike, gobe wayam, sun koma ruwa. A Mayu ana kwanci. Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli ne kasuwar ke ci sosai, domin an ƙyanƙyashe, iyaye na ta zirga-zirga da kifi a baki. Wanda ya je a Agusta don ganin fafin, tsuntsun nan mai baki kala-kala, ya makara, sun riga sun watse tun ƙarshen Yuli. Ni dai da za a ce in zaɓi mako ɗaya, na ƙarshen Yuni zan ɗauka.

Waɗanne tsuntsaye zan gani?

Fafin shi ne wanda kowa ke zuwa dominsa: ɗan gajere, baƙi da fari, da faffaɗan baki mai ja da rawaya. Kwalliyar bakin nan ta lokacin aure ce, da sanyi ya shigo sai ɓawonta ya zube. A rami yake ƙwai, ƙwaya ɗaya tal, a yi kwanci kimanin kwana 40, ɗan tsakon ya yi wasu kimanin 40 a cikin duhu, sannan wata rana da dare ya fito shi kaɗai ya faɗa teku.

A jikin bangon dutse kuma akwai gilimot, waɗanda ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa a kan siririyar kantar dutse, ba sheƙa ba komai, ƙwan na kan dutse tsirara. Kusa da su akwai kitiwek, mai manna sheƙar laka da ciyawa a inda ko tafin hannu ba zai zauna ba, da fulma, wanda idan ka matsa masa sai ya feso maka wani mai mai ɗoyi daga cikinsa. Warin ba ya fita daga tufa da wuri. Ganet shi ne babbansu, faɗin fuka-fukansa ya kai mita 1.8, yana sulmiyowa daga sama ya soki ruwa da gudun da kan kai kilomita 100 a awa. A dutsen Bass Rock na Sikotland an ƙirga ma'aurata kusan 75,000 a 2014, har daga nesa dutsen kan yi fari fat saboda yawansu.

Shiyawota da wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai suna fetirel kuwa ba za ka gan su da rana ba sam.

Tsuntsaye dubbai suna tashi suna sauka, ta yaya ake ƙirga su?

Kowane iri da abin da ake ƙirgawa a kansa, kuma nan ne aikin yake. Kitiwek yana da sheƙa, don haka sheƙar da ke da alamar mai ita ake ƙirgawa, ba tsuntsun ba. Gilimot ba shi da sheƙa, sai a ƙirga kawunan da ke tsaye a kan dutse. Amma ba a kowane lokaci ba: a makonnin farko na Yuni, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 4 na yamma, ranar da babu ruwa mai ƙarfi ko iska mai tsanani, saboda yawan waɗanda ke kan dutsen yana hawa yana sauka da sa'a da kuma yanayi. Idan ana son adadin ma'aurata, a al'ada sai a ninka abin da aka samu da 0.67.

Mai ƙidaya yakan zauna a wuri ɗaya da aka riga aka sa wa alama, ya kafa madubin hangen nesa, a cinyarsa hoton bangon dutsen da aka zana wa iyaka da alƙalami, a hannunsa 'yar na'urar latsawa. Yana bin kanta ɗaya daga hagu zuwa dama yana latsawa, ƙas, ƙas, ƙas, ya gama ya rubuta, ya mayar da na'urar sifiri, ya sake daga farko. In ƙidaya ta biyu ta yi nisa da ta farko, sai ta uku. Hawaye na zuba saboda iska, yatsu sun ƙage, ga wani ganet can yana abin burgewa a ruwa amma ba damar ɗaga ido. Ɓangaren da ba a hangowa daga tudu kuma sai a shiga ƙaramin jirgi a zagaya, a ƙirga ana tangaɗi.

A Skomer, fafin ana ƙirga shi ne da yammacin wata rana mai natsuwa a farkon dawowarsu, kafin a shiga ramuka kwanci. Ana raba tsibirin kashi-kashi, a ƙirga na ƙasa da na kan ruwa da na sama. A 'yan shekarun nan adadin ya haura 40,000. Yanzu jirgi mara matuƙi yana taimakawa, musamman a wurin ganet, inda ake ɗaukar hoto daga sama a ƙirga a kwamfuta.

To, waɗanda ke cikin rami fa?

Su ne masu wahala. A tsibiran Farne na arewa maso gabashin Ingila da tsibirin May na Sikotland, ana yanka fili ƙanana-ƙanana a duba kowane rami da ke ciki: akwai sabuwar ƙasa a bakinsa? Akwai kashi, gashi, ko ɓawon ƙwai? In an yi shakka, mai aikin ya kwanta rubda ciki, kunci a ƙasa, ya zura hannu har kafaɗa. Ko ya taɓo ƙwai mai ɗumi, ko ɗan tsako mai laushi, ko kuma uwar ta gartsa masa cizo, wanda shi ma amsa ce. Rabin matsalar zomaye ne, domin su ma ramuka suke haƙa, kuma fafin ba ya ƙin gadon ramin zomo.

Shiyawota kuwa da murya ake kama shi. Da rana, lokacin da ɗaya daga cikin iyaye ke kwance a kan ƙwai, sai a kunna kukan irinsa a bakin ramin na 'yan daƙiƙoƙi, a kasa kunne. Wanda ke ciki yakan mayar da martani, ya ɗauka wani ne ya zo ƙwace masa gida. Sai dai ba duka ke amsawa ba. Don haka ana ware wasu ramuka da aka tabbatar akwai tsuntsu a ciki, a yi ta gwada su kwana da kwanaki har a gano kashi nawa cikin ɗari ke amsawa, sannan a gyara lissafin sauran da wannan. Duk wanda ya ce maka ya san adadin shiyawota daidai-wa-daida, bai san aikin ba. Ƙiyasi ne, amma ƙiyasi mai tushe.

Idan adadin bai ragu ba, ai lafiya ke nan?

A'a, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Tsuntsayen teku masu tsawon rai ne, masu jinkirin haihuwa. Fafin ba ya fara ƙwai sai ya kai shekara biyar ko kusa da haka, fulma sai wajen tara. Cikin manya goma, kimanin tara kan ga shekara mai zuwa. An taɓa sa wa wani shiyawota zobe a tsibirin Bardsey na Wels a 1957, aka sake kama shi da rai bayan shekara 50. A tsibirin Midway na Tekun Fasifik akwai wata albatiros, babbar tsuntsuwar teku, da aka sa wa zobe a 1956, ta sake yin ƙwai a ƙarshen 2024.

Abin da wannan ke nufi shi ne, 'ya'ya za su iya mutuwa da yunwa shekara biyar a jere, amma bangon dutse ya ci gaba da cika, saboda tsofaffin na nan suna dawowa. Mai kallo zai ga taro ya ce alhamdulillahi, alhali gidan ya daɗe da fara rushewa daga ƙasa. Kafin ragin ya bayyana a ƙidaya, an yi asarar shekarun da ya kamata a ɗauki mataki.

Saboda haka ƙidaya kaɗai ba ta isa. Ana auna abu uku tare da ita. Na farko, nasarar haihuwa: a zaɓi wasu sheƙu, a sa musu lamba a hoto, a riƙa leƙa su duk bayan kwana ɗaya ko biyu daga ƙwai har tashi, a ga 'ya'ya nawa suka tsira. Na biyu, rayuwar manya: cikin masu zoben launi da aka gani bara, nawa suka dawo bana? Na uku, abinci: wane kifi ake kawo wa 'ya'ya, kuma girmansa nawa? Daga waɗannan ne ake gane ko matsalar a tsibiri take, ko a ruwan da ke kewaye da shi, ko can a inda suke cin sanyi. A farkon 2014, alal misali, guguwa ta yi ta bugawa a jere, teku ya turo gawarwakin tsuntsaye sama da 50,000 a gaɓar Faransa da maƙwabtanta, yawanci fafin da gilimot. A tsibiran da ake bin masu zobe, giɓin ya fito ƙarara a bazarar da ta biyo, an ga waɗanda ba su dawo ba ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa ba a sauya hanya, tunda fasaha ta ci gaba?

Domin darajar alƙaluman bana tana cikin iya jera su da na shekara talatin baya. Ka sauya wurin zama da taku goma, ko ka ƙirga da asuba maimakon hantsi, ka yanke igiyar. Ko jirgi mara matuƙi, sai an haɗa shi da tsohuwar hanya na wasu shekaru an ga bambancinsu kafin a dogara da shi.

Tim Birkhead na Jami'ar Sheffield ya fara bin gilimot na Skomer a 1972, kuma binciken ya haura shekara hamsin. Da kuɗin tallafi ya yanke wajen 2014, jama'a ya roƙa suka tara masa. Shirin sa ido kan tsuntsayen teku na Birtaniya da Ayilan ya fara a 1986, da manyan tashoshi huɗu: Skomer, Canna, Fair Isle da tsibirin May. Ban da shi akwai babbar ƙidaya ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka yi sau huɗu: 1969 zuwa 1970, 1985 zuwa 1988, 1998 zuwa 2002, sai 2015 zuwa 2021. Ta ƙarshen ta nuna cewa cikin iri 21 da ake da tabbacin alƙalumansu, 11 sun ragu. A duniya kuma, wani nazari na 2015 ya gano cewa tsuntsayen tekun da ake sa wa ido sun ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1950 da 2010. Ba wanda zai iya furta irin wannan jimla ba don wasu sun yi ta maimaita aiki mai gundura iri ɗaya ba.

Zoben da ke ƙafarsu na mene ne?

Na ƙarfen yana ɗauke da lamba da adireshi, shi ne shaidar tsuntsun har mutuwa. Wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, shi ya fara wannan dabara a 1899. Na roba mai launi kuma don a karanta daga nesa ne ba sai an kama ba. A Birtaniya ba mai sa zobe sai da lasisi, bayan horo mai tsawo a hannun ƙwararre.

Zobe ne ya fara tona asirin tafiye-tafiyensu. A 1952 an ɗauki wani shiyawota daga raminsa a Skokholm na Wels, tsibirin da Ronald Lockley ya kafa tashar nazarin tsuntsaye ta farko a Birtaniya a 1933, aka kai shi Boston ta Amurka a jirgin sama aka sake shi. Cikin kwana 12 da rabi ya dawo raminsa, tafiyar kimanin kilomita 5,000, a hanyar da bai taɓa bi ba.

Yanzu akwai 'yar na'ura da ba ta wuce giram ɗaya ko biyu ba, ana ɗaura ta a jikin zoben. Haske kawai take rubutawa. Tsawon yini yana nuna nisan tsuntsu daga tsakiyar duniya, lokacin da rana ta take kuma yana nuna gabas ko yamma. Kuskurenta kan kai kilomita ɗari da wani abu, tana ruɗewa a Maris da Satumba lokacin da dare da rana suka daidaita, kuma dole a sake kama tsuntsun kafin a karanta ta. Duk da haka da ita aka gano cewa wani ɗan tsuntsun teku da ake kira tan na Aktik, daga Farne, mai nauyin giram 100 kacal, ya yi tafiyar kimanin kilomita 96,000 zuwa Antaktika da dawowa tsakanin 2015 da 2016.

Kamawa da aunawa ba ya cutar da su?

Yana damunsu, ba a ɓoye wannan. Shi ya sa ake taƙaita shi: a zura ɗan tsako a jakar yadi don duhu ya kwantar masa da hankali, a rataya a ma'auni, a auna fiffike, a mayar da shi cikin 'yan mintuna. Na'urar da za a ɗaura wa tsuntsu, a bisa ƙa'idar da aka saba, ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari na nauyinsa. Ana kuma barin wasu ramuka ba a taɓa su, don a kwatanta a ga ko taɓawar na rage nasara.

Me ya fi yi musu barazana?

A tsibiri, ɓera. A teku, yunwa.

Ɓera ɗaya mai ciki da ta sauko daga jirgi ta isa ta kashe tsibiri cikin 'yan shekaru, domin ƙwai da ɗan tsakon da ke rami ba su da mai kare su. Tsibirin Lundy na kudu maso yammacin Ingila shaida ne ta fuska biyu. A shekara ta 2000 fafin 13 kawai aka gani a can, shiyawota kuma bai kai ma'aurata 300 ba. Aka kashe ɓerayen tsakanin 2002 da 2004. Zuwa 2018 fafin ya kai 375, shiyawota ya haura ma'aurata 5,000, kuma sun ci gaba da ƙaruwa. Amma ba kullum ake dacewa ba: a tsibirin Gough na kudancin Atlantika, inda ƙananan ɓeraye ke cin 'ya'yan albatiros da ransu, an yi gagarumin yunƙuri a 2021, daga baya aka ga wasu sun tsira.

Yunwar kuma tana da alaƙa da wani siririn kifi mai launin azurfa da ke binne kansa a yashi. Shi ne abin da kake gani jere a bakin fafin. Ɗumamar teku tana rage shi, manyan jiragen kamun kifi ma sun daɗe suna kwasarsa don yin abincin dabbobi. Kitiwek ya fi kowa jin jiki, saboda daga saman ruwa yake tsinta, ba ya nutso. Gilimot kan bi kifi har zurfin da ya haura mita 100, shi kuwa kitiwek in kifi bai taso ba, ya kwana da yunwa. Shi ya sa masana ke fara duban sheƙarsa in suna son sanin halin da teku ke ciki. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai kuma leda da roba. A Tekun Arewa ana buɗe cikin fulma da aka tsinta a mace don auna ƙazantar ruwa, kuma sama da tara cikin goma ana samun roba a cikinsu.

Murar tsuntsaye ta wuce?

Ta lafa a wurare da dama, amma tabonta na nan. A 2022 nau'in H5N1 ya afka wa tsibiran. A Farne ma'aikata sanye da rigar kariya sun kwashe gawarwaki sama da 6,000 a wannan shekarar, aka rufe tsibiran ga baƙi har zuwa 2024. Bass Rock ya yi faci-faci, wuraren da a da ba a ganin dutse saboda ganet suka zama fili. Babban sukuwa, tsuntsun da ke farauta yana kuma cin mushe, ya ragu da kimanin kashi uku cikin huɗu a Birtaniya. Wani abin mamaki da aka lura da shi a Bass Rock: ganet da yawa da suka kamu suka warke, ƙwayar idonsu ta rikiɗe daga shuɗi mai haske ta koma baƙa.

Don haka idan an ce ka taka tabarmar maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ka hau jirgi, ka taka.

Ana iya dawo da tsuntsaye tsibirin da suka bari?

An yi. A ƙarshen ƙarni na 19 mafarauta suka ƙarar da fafin a Eastern Egg Rock, wani ɗan tsibiri a jihar Maine ta Amurka. A 1973 Stephen Kress ya fara ɗauko 'yan tsaki daga Newfoundland ta Kanada, yana renon su a ramukan da aka gina musu, da fatan in sun girma za su tuna wurin. Suka tashi, shekaru suka wuce, shiru. Sai ya lura cewa fafin ba ya sauka inda bai ga 'yan'uwansa ba, ya sassaƙa na katako ya kakkafa a kan duwatsu. A 1981 aka ga fafin ɗauke da kifi yana shiga rami. Shekara takwas ke nan da farawa. Yanzu ana amfani da gumakan da kukan da aka naɗa a ƙasashe da yawa.

Ni ɗan kallo, me ake so in kiyaye?

Kada ka sauka daga hanya, ko da taku ɗaya. Ƙasar da kake gani lulluɓe da ciyawa duk rami ce a ƙarƙashi, ɓawonta ba kauri. Ka taka ta rufta, ka binne ɗan tsako. Mafi yawan masu karya wannan doka masu ɗaukar hoto ne da ke ja da baya ido na kan kyamara.

Idan ka ga fafin tsaye a gefen hanya da kifi a baki yana dube-dube, ba hoto ya tsaya a ɗauke shi ba. Ka tare masa ƙofar gida ne, kuma duk daƙiƙar da ya ƙara a waje, gal, wani tsuntsun bakin teku mai ƙwace, na shawagi yana jiran ya ƙwace kifin. Matsa gefe.

Jakarka ta zo a rufe, ka haɗa ta a ranar, kada ta kwana a buɗe a rumbu ko gareji. Za a iya bincika ta a bakin jirgi, saboda ɓera. Ba a zuwa da kare, ba a tayar da jirgi mara matuƙi sai da izini, ba a barin shara. Dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita ko ɗaukar ƙwai. Skomer mutum 250 kawai yake karɓa a rana, don haka ana yankar tikiti tun da wuri, kuma in iska ta juyo daga arewa jirgi ba ya tashi, komai tikitinka.

Da gaske ne tsuntsaye na saran mutane a ka?

Da gaske ne. A Inner Farne, ɗaya daga tsibiran Farne, tan na yin ƙwai dab da hanya, kuma yakan fasa kai har jini. Sa hula mai kauri, ka yi ta tafiya, kada ka kai masa duka. Kashi ma zai zubo maka, saboda haka ba ranar sabuwar riga ba ce.

Me zan ɗauka?

Rigar ruwa, takalmi mai riƙe ƙasa, ruwan sha, madubin hangen nesa. Babu inuwa a irin waɗannan tsibirai, kuma sanyin iska kan ɓoye zafin rana.

Kwana a tsibirin ya cancanci wahalar?

In akwai shiyawota, ƙwarai. Da rana abin da za ka gani nasu kawai fuka-fukai ne biyu haɗe da ƙashin ƙirji, yashe a hanya, ragowar abin da babban gal mai baƙin baya ya ci. Tsoron wannan gal ɗin ne ya sa ba sa zuwa sai duhu ya yi duhu. Daren farin wata kaɗan ke shigowa. Amma daren da hadari ya rufe sama, wajen sha biyu, sai ka fara jin kuka daga sama, na ƙasa na amsawa daga cikin ramuka, wani irin kuka kamar na zakaran da mura ta shaƙe, dubbai a lokaci guda. Suna faɗowa tim a ciyawa, wani ya bugi kafaɗarka, wani ya rarrafa ta kan takalminka yana neman ƙofarsa. Fitila mai jan haske ake riƙewa, a haska ƙasa, domin kowane taku sai an duba.

A ƙarshen Agusta zuwa Satumba iyaye kan daina kawo abinci su yi gaba. Ɗan, wanda a lokacin ya fi su nauyi saboda kitse, yakan fito bakin rami 'yan darare yana motsa fiffike, sannan ya tashi shi kaɗai zuwa gaɓar Birazil da Ajantina. Wasu hasken fitilun gari kan ruɗe su su faɗo a titi, 'yan sa-kai su tsince su su sake su a bakin teku.

Ban da tsuntsaye, me kuma ake gani?

Sil mai ruwan toka, wata dabbar teku mai shayarwa, kwance a kan duwatsu in ruwa ya janye. A Wels sukan fara haihuwa daga ƙarshen Agusta, a Farne kuma sai Oktoba zuwa Disamba. Jaririn fari ne sol, yana shan nono kimanin mako uku. Wanda ka gani shi kaɗai ba maraya ba ne, uwar na ruwa tana kallonka, kuma matsowarka ce za ta iya sa ta guje shi. A mashigin da ruwa ke gudu da ƙarfi akan ga dolfin da ƙanensa fofos. Dabarar ita ce ka bi ganet da ido: inda suka taru suna nutso, akwai kifi, kuma sau da yawa akwai mai koro kifin daga ƙasa. Skomer na da wani ɗan ɓeran ciyawa da babu irinsa a ko'ina, ba ya taɓa ƙwai, shi ne ma abincin mujiyar da ke farauta da rana a can.

Na ga ɗan tsako ya faɗo daga dutse. In ɗauke shi?

In gilimot ne, ba faɗowa ya yi ba, tsalle ya yi. Yana da kimanin mako uku, bai iya tashi ba, da magariba uban ke kiransa daga ruwa, shi kuma ya daka tsalle daga tsayin da kan kai gomman mitoci. Uban ne zai tafi da shi teku ya ci gaba da ciyar da shi. Bar su. Tsuntsun da ya mutu ko mara lafiya kuwa kada ka taɓa, ka gaya wa ma'aikacin tsibirin. In da zobe a ƙafarsa, ɗauki hoton lambar, ka rubuta wuri da rana.

Wanda ba masani ba zai iya shiga aikin?

Zai iya. Ƙungiyoyin da ke kula da tsibiran, irin su National Trust a Farne da Wildlife Trust a Skomer, suna ɗaukar 'yan sa-kai, wasu na mako guda, wasu na duk lokacin haihuwar tsuntsaye sukutum. Sai dai ka sani rabin aikin gyaran hanya ne, da share masauki, da ɗauko kaya daga jirgi, da duba akwatunan gano ɓera. Ruwa a ƙididdige yake, wuta ta hasken rana ce, kuma in teku ya tashi za ka iya ƙara kwanaki ba shiri. Wanda ke iya zama awa uku yana kallon kanta ɗaya ba tare da ya ƙirƙiri lamba ba don ya gaji, shi ake nema.

Ina alƙaluman ke zuwa daga ƙarshe?

Suna shiga rumbun bayanai na ƙasa, daga nan ake yanke wane iri ne ke cikin haɗari. Da irinsu aka sa fafin a jerin masu fuskantar barazana na duniya a 2015, kitiwek kuma a 2017. Ana duba bayanan na'urorin bin sawu kafin a amince da wurin kafa injinan lantarki masu aiki da iska a teku. Binciken shekaru da aka yi a tsibirin May, wanda ya nuna kitiwek na kasa renon 'ya'ya a shekarun da ake kamun kifin yashi kusa da su, yana cikin hujjojin da suka sa aka hana kamun wannan kifi a duk ruwan Sikotland da ɓangaren Ingila na Tekun Arewa daga Maris 2024. Tarayyar Turai, wadda jiragen Denmak ne suka fi cin moriyar kamun, ta ƙalubalanci matakin, aka saurari ƙarar a gaban kwamitin sasanci a birnin Heg a farkon 2025.